Jusoh bin Embong, Heluman Titin Keke na Telaga Rhu

Haihuwa da Asali

An haifi Jusoh bin Embong a shekarar 1951 a ƙauyen Telaga Rhu da ke bakin teku a jihar Terengganu. Mahaifinsa, Embong bin Mamat, masunci ne wanda bai taɓa mallakar jirgin kansa ba, mahaifiyarsa kuwa ita ce Mek Yah binti Salleh. Shi ne auta. Daga cikin 'ya'ya huɗu, biyu sun rasu tun suna goye, aka bar shi da yayarsa Lijah, wadda ta girme shi da shekara tara. A shekarar 1956 Allah Ya karɓi ran mahaifiyar, shekara biyu bayan haka mahaifin ya bi ta, sai rainon yaro ya koma hannun yarinya.

Lijah ta raine shi da sana'ar matan ƙauyen, wato tafasa ƙananan kifi a ruwan gishiri a shanya a tabarma. Da wannan ta ciyar da shi, ta tufatar da shi, ta kuma jinkirta aurenta har ya kai munzali. Bai taɓa kiran sunanta ba sai Yaya, ita kuma har ya yi furfura Auta take ce masa.

Karatu da Kama Aiki

Ya sauke Alƙur'ani a hannun limamin ƙauyen, ya gama firamare a 1963, bai wuce nan ba. Teku ba ta karɓe shi ba, domin duk sanda ya shiga jirgi amai yake yi har a dawo, abin da ya jawo masa tsiya wajen sa'o'insa har tsufa. A shekarar 1972 majalisar gari ta ɗauke shi lebura, aka ba shi shebur da baro da tsintsiya, aka tura shi filin ajiye motoci na bakin teku.

Wanda bai san aikin nan ba yakan raina shi. Idan damina ta kama, iskar teku takan kwaso yashi ta binne filin, gishiri ya ci turakun ƙarfe, saiwar itatuwan rhu ta ɗaga kwalta, ganyensu ya toshe magudanar ruwa. Idan ta wuce, a kwashe yashi, a cike ramuka, a sake zana layi da farin fenti, kuma kowa ya san baɗi haka za a sake. Jusoh bai taɓa ƙorafi a kan wannan ba. A 1985 aka naɗa shi heluma.

Aure

A shekarar 1976 ya auri Sepiah binti Derahman, mai sayar da shinkafa da kifi ƙunshe a ganyen ayaba a bakin filin. Lijah ce ta nema masa auren, ita ta tsaya a matsayin uwa. Allah Ya ba su 'ya'ya huɗu, yaran ƙauye kuma suka riƙa kiransa Pak Su, wato Baba Auta.

Titin Keke

A shekarar 1994 majalisa ta shimfiɗa siririn titin keke daga ƙauyen zuwa makaranta, tsakanin babban titi da yashin teku, aka danƙa kulawarsa ga Jusoh. Ba a daɗe ba mata suka gane cewa kwalta ta fi yashi zafi da tsabta, kifi yakan bushe a kanta da wuri. Sai tabarmi suka cika titin, yara kuma suna kauce musu su faɗa babban titi inda manyan motoci ke wucewa. Jusoh ya gani, ya yi shiru, saboda tabarmin da suka fi yawa na yayarsa ne. Shirun nan kuskure ne, kuma ba za a ɓoye shi don mai shi ya rasu ba.

A watan Yuli na 1996 wata ɗaliba mai suna Rohaya ta kauce wa tabarma, babur ya buge ta, ƙafarta ta karye. Ta warke, amma da ɗingishi. Washegari Jusoh ya fito da leburorinsa, ya ce musu kada kowa ya taɓa komai sai ya fara, ya nufi shanyar yayarsa ya nannaɗe tabarmin da hannunsa a gaban mata duka. Kifin bai bushe ba, kuma ɗan da aka yi rainonsa da wannan sana'a ya san kifin da aka naɗe da danshi ya lalace ke nan.

Waɗanda suka halarta sun ce Lijah ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Auta, kai ne yau da hular gwamnati? Wandon da ka fara zuwa makaranta da shi, daga wace tabarma ya fito?"

Ya ce, "Daga wannan, Yaya. Amma in na tsallake taki, da wane ido zan ɗaga ta wata?"

Ta ce, "Da ka zo gida ka faɗa mini, ai da kaina zan kwashe. Kunyata kake so, ka samu."

Gaskiya tana tare da shi a hukunci, tana tare da ita a ladabi. Wanda ya yi shekara biyu bai iya buɗe baki a cikin gida ba, bai kamata ya buɗe shi a bainar jama'a ba.

Shekarun Gaba

Tun daga ranar titin ya zama na yara. Jusoh ya sa aka kafa turakun siminti tsakaninsa da babban titi, aka sare rassan da ke kare gani a kwana. Ya kuma dage da zarya a majalisa har a 1998 aka yarda mata su yi shanya a ƙarshen filin motoci daga Lahadi zuwa Alhamis, tunda masu yawon shan iska sai Juma'a da Asabar suke cika shi. Kowace safiyar Lahadi shi yake wanke baƙin man motoci daga wurin kafin a shimfiɗa tabarmi. Mata duka suka koma can, ban da Lijah, wadda ta zaɓi hawa tsani ta shanya a kan kwanon ɗakinta.

Al'adar mutanenmu ce ranar Ƙaramar Salla ƙarami ya je wurin babba, ya durƙusa, ya kama hannunsa ya sa a goshi, ya nemi gafarar zahiri da baɗini. Kowace Salla Jusoh yakan je da iyalinsa. Lijah takan rungumi 'ya'yansa, ta cika wa Sepiah kwano, amma da zarar ya durƙusa sai ta ce, "Tukunyata za ta ƙone," ta shige madafa. Sepiah ta taɓa ce masa, "Kai ma ka huta mana, gwiwarka ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa." Ya ce, "Baɗi ma zan je." Haka ya yi har shekara goma sha bakwai.

Ritaya da Jinya

Ya yi ritaya a 2006, amma bai ajiye tsintsiya ba, domin yakan ce yashi kaɗan a kwana ya isa ya kayar da keke. A farkon 2014 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Da Sallar shekarar ta zo ya nemi 'ya'yansa su ɗauke shi a kujera zuwa gidan yayarsa, suna cikin gardama sai ga ta a bakin ƙofa da sanda, tana da shekara saba'in da biyu. Babba ba ya zuwa wurin ƙarami ranar Salla, amma ta zo.

Ta zauna a bakin gadon ta ce, "Ka kwanta ne don in tako da ƙafata, ko? Tun kana yaro haka kake, in aka ce a ɗebo ruwa sai ciwon ciki."

Harshensa ya yi nauyi, ya yi ta ƙoƙarin furta kalmar gafara ta ƙi fita, hannun dama kuma ya ƙi ɗaguwa. Sai ta ɗauki hannunta da kanta ta ɗora a goshinsa, ta bar shi a nan.

Ta ce, "Bar wahalar da bakinka, na ji. Kifin nan da ka naɗe dama gishirinsa ya yi yawa, ba mai saye. Ni ma ka yafe mini, Auta."

Ba ta koma gidanta ba. Ita ta riƙa ba shi kunun shinkafa a baki har ƙarshe.

Rasuwa

Jusoh bin Embong ya rasu ranar wata Laraba a watan Oktoba na 2014 yana da shekara sittin da uku. An sallace shi a masallacin Telaga Rhu bayan azahar, aka binne shi kusa da mahaifiyarsa. Ya bar matarsa Sepiah da 'ya'ya huɗu: Zulkifli, direban motar majalisa, Norizan, malamar firamare, Hamidah, da ke aure a Dungun, sai Razali, makanikin injin jirgin ruwa. Ya bar jikoki tara. Ya kuma bar yayarsa Lijah, wadda ta goya shi, ba ta kuwa taɓa zaton ita za ta tsaya a ƙofa ana fita da shi ba.

Allah Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa ya tarar da hanya a share.