'Yar'uwar Da Ta Ɓullo Mana Daga Kanada

Assalamu alaikum. Ku ba ni ɗan fili a mujallarku in amayar da abin da ya same ni, ko wata mai rawar kai irina za ta karanta ta taka burki.

A lokacin ina budurwa, haifaffiyar Nuzla a nan Jidda, ina aikin karɓar baƙi a wani asibitin haƙori a Sharafiyya. Hausata rabi ce, sauran rabin Larabci, bakina kuwa ba ya shiru. Babu abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kamar a tambaye ni asalinmu. Abokan aikina kowa sai ya jero kakanninsa kamar karatun allo, ni kuwa iyakar sanina shi ne kakannina na wajen uba sun taso daga ƙasar Damagaram da niyyar Hajji, suka sha wuyar hanya, suka zauna nan. Kakana ya rasu tun ba a haife ni ba. Matarsa, wadda muke kira Hajiya, in ka tambaye ta labarin gida sai ta ce abin da ya wuce ya wuce, ta ja carbinta.

Wata ƙawata da ta je waje ita ta sayo min kwalbar gwajin nan da ake tofa yawu a aika, su nemo maka danginka a duniya. Da sakamakon ya fito sai ga wata mata a Kanada, ɓangaren masu Faransanci, fara sol, da sunan Nasara, amma wallahi goshin gidanmu ne a fuskarta. Gwajin ya ce ɗiyar baffana ce. Maimakon in yi shiru in bincika, sai murna ta kwashe ni na jefa hoton da bayanin a zauren danginmu na waya, har da guɗa. Na manta cewa 'ya'ya biyu kacal muka san Hajiya da su, mahaifina da yayansa, wanda muke kira Baffa. Na kuma manta Baffa ya yi shekaru yana tuƙi a wani kamfanin Turawa masu gini lokacin ƙuruciyarsa.

Kafin la'asar magana ta zagaye Nuzla. Baffa mutum ne da ake kai wa sulhu, in aure ya yi tsami a unguwa ƙofarsa ake ƙwanƙwasawa. Sai ga shi ana nuna shi da baki a ƙofar masallaci, wai ashe ustaz yana da 'yar Baturiya a ɓoye. Ya rantse har muryarsa ta dushe. Matarsa, bayan sun yi shekaru tare har sun tara jikoki, ta haɗa kayanta ta koma gidan ƙaninta a unguwar Waziriyya, ta ce ba za ta zauna da mai fuska biyu ba. Mahaifina ya daina amsa gaisuwata. Da na je ba Baffa haƙuri, bai ɗaga murya ba, ya ce min halas, wato shi ke nan, in je, Allah yana gani. Na fi son ya mare ni. Hajiya kaɗai aka ɓoye wa saboda hawan jininta.

Na rubuta wa matar Kanada, wayata tana juya min Larabci zuwa Faransanci. Ta daɗe ba ta amsa ba, na rame na koma kamar tsinken sakace. Da ta amsa sai ta ce ta gama bin dangin mahaifiyarta, Faransawan Kanada, kaka da kakanni har zuwa waɗanda suka tsallaka teku, ɓangaren uba ne ya gagare ta. Ta ce mahaifinta yana raye, ɗan Nijar ne da karatu ya kai shi can ya yi aure, kakarsa ce ta raine shi, an ce masa iyayensa sun tafi gabas ba su dawo ba. Na kai wa dangi wannan da gudu. Suka ce in rufe musu baki, kowa ya san Baffa ne ɗan farin Hajiya, ina ƙoƙarin rufe ɓarna da ƙarya ne kawai.

Ana nan, na shiga gidan maƙwabciyarmu, 'yar Nijar da ba ta daɗe da zuwa ba, don ta yi min kitso. Ina ji tana ta ƙwala wa babban ɗanta kira tana cewa kai, kai yaron nan, sauran kuwa kowa da sunansa. Na tsokane ta ko ta manta sunan ne. Ta yi dariya ta ce mu 'yan Jidda ba mu san kunya ba, a garinsu mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, a zamanin iyayensu ma ko zancensa ba ta yi, da an yaye shi kaka ake miƙa wa. Sai na tuna wani abu. Tun tasowata nake jin Hajiya tana kiran Baffa da sunansa gatsal, daga ɗaki har tsakar gida. Na miƙe da rabin kai a tsefe.

Na tarar da Hajiya tana gyaran wake. Na san in na tambaye ta kai tsaye ba zan samu komai ba, sai na shiga ta ƙofar wasan jika da kaka. Na ce tsohuwa mai rowa, kin hana mu dangi, wa kika baro a gida da ba ki so mu sani. Hannunta ya tsaya cikin waken. Sai ta ce akwai wani yaro da aka bar wa uwar mijinta, an ce hanya ba ta jariri ba ce, in an sauke farali za a dawo. Ta ce marigayi kakana ne yake tambayar alhazan garinsu duk shekara, har aka ce ƙauyen ya watse da yunwa. Da ya rasu, ita da wane baki za ta tambaya? Ta ce ba ta taɓa sallah ba ta yi masa addu'a ba. Na faɗa jikinta ina kuka, na ce Hajiya yana raye, har da jikoki.

Yalla, ku zo ku ga gidanmu ranar da ɗan farin Hajiya ya iso yin Umara tare da 'yarsa ta Kanada! Baffa da kansa ya ɗauko su daga filin jirgi. Matarsa, wadda ta dawo da kunya har ƙasa, ita ta yi girki, ta cika tire har yana zuba. Baffa da ya saba a durƙusa masa, ya durƙusa ya ce sannu da zuwa Yaya, mutanen unguwa da suka ci namansa suna tsaye suna kallo. Ni kuwa ina ta yawo cikinsu ina raba shayi, kaina a sama, don in ga wanda zai iya haɗa ido da ni. Da aka shigar da dattijon wajen Hajiya, da furfurarsa da Hausarsa ta mutanen Damagaram, sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya masa baya. Ba ta amsa gaisuwarsa ba. Amma ta zuro hannu ta baya ta kama bakin rigarsa, har aka kira magariba ba ta saki ba.

Na ci nasara, amma na san da ƙyar na sha. Da Allah bai rufa asiri ba, da na kashe auren dattijo na ɓata masa suna har kabari. 'Yan'uwana da aka haifa a nan, ku nemi asalinku, yana da daɗi. Sai dai abin da na'ura ta gaya muku, ku riƙe shi a ciki har ku gane kansa, don magana zarar bunu ce. Kuma kafin ku tambayi Turawa, ku zauna kusa da tsofaffinku tun suna da rai, ku koyi yadda ake tambayarsu. Shirun da suke yi ba rashin labari ba ne.