Kujerar da Ta Ba Taga Baya

Mun tashi da asuba daga makarantarmu ta Vom, mu 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo da malaminmu, za mu ga gidan marigayi marubucin nan da wasanninsa suka cika rediyo, a unguwar Dilimi da ke Jos. Ƙarfe shida da kwata, kafin mu kai Bukuru, motar ta yi tari ta mutu a gefen wani kududdufin kuza. Maza suka sauka turi cikin sanyi, mu mata muka sayi ƙosai mai zafi na kwabo biyar-biyar wajen wata tsohuwa da ta rantse motarmu ta girme ta.

Ni da tambaya na taho. Na rubuta wasana na farko, malaminmu ya ce wadda ba ta buɗe baki a aji ba za ta iya sa mutane magana a takarda ba, gara in koma ɗinkin kayan wasa. Na ƙudura in ji ko haka ne kafin in haƙura.

Sai azahar muka isa Jos. Ma'aikacin da ke zagayawa da baƙi ya gaji da jira ya tafi, don haka matar marigayin, Iya, ta buɗe mana da kanta, hannunta duk garin acca.

Gidan ƙarami ne, ginin laka da rufin kwano. Babbar rigarsa na rataye a ƙusa, kofin shayinsa na kan rediyo. Abin da ya ɗaure mana kai kujerarsa ce: ta ba taga baya, tana manne da bango. Malam ya ce alamar zurfin tunani ce. Iya ta yi dariya har da riƙe ƙugu.

Da kowa ya fita, na zauna a kai. Daidai kunnena akwai 'yar kafa a bangon, bayanta kuma famfon unguwa ne. Na ji wata mata tana cewa, "Oga, bokitinka ya fi namu galihu ne? Koma baya." Ya ce, "Haba Mama, tun jiya na ajiye dutse a layi." Ta ce, "To dutsen ya ɗiba maka." Na toshe baki ina dariya. Haka mutanen wasanninsa suke magana, sak.

A bakin mota Iya ta raba mana dafaffen dankali, ta riƙe hannuna ta ce, "Ke mai shiru, me ke cin ki?" Na raɗa mata abin da Malam ya ce da ni.

Mun koma Vom bayan magariba, motar ba ta ƙara tari ba, ni kuma ban koma ɗinki ba. Abin da na kwaso a tafiyar nan amsarta ce, wadda ta faɗa da ƙarfi don Malam ya ji:

"'Yata, mutumin nan ko neman aurena wansa ne ya yi masa magana. Da shi ma surutu yake yi, wa zai saurari bakin famfo?"