Rawar Sitiyari a Hanyar Makarfi

Motar ba tawa ba ce. Yayana ne ya yi odarta, irin mai aiki da lantarki, aka sauke ta a ƙofar gidansa a Hunkuyi yana Umara. Ya yi mini waya ya ce in karɓa, in je Zariya da ita in ɗauko Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda aka yi wa aikin yanar ido, in kai shi gida Gubuchi. Ya ce ta fi tsohuwar motata laushin tafiya. Likita kuwa ya ja mana kunne: kada Baffa ya sunkuya, kada a jijjiga shi.

A cikin gari lafiya lau muke tafe. Da yake ba ta da inji mai ƙara, har numfashin Baffa nake ji a kujerar gefena, idonsa na dama rufe da auduga. Sai da muka hau babban titi na ɗan taka ta, na ji wani gurnani ƙasa-ƙasa, sitiyari ya fara rawa a hannuna.

Na rage gudu, ya lafa. Na ƙara, ya dawo, har ruwan gorar da ke tsakaninmu yana tsalle.

"Ɗana, haka take dama?" Baffa ya tambaya, ya dafe goshinsa da tafin hannu.

"Ban sani ba, Baffa. Jiya na fara tuƙa ta."

Na gangara gefen hanya na zagaya ta. Na taɓa notunan tayoyin, a ɗaure suke tamau. Babu ƙusa, babu kumburi, babu tsakuwa a maƙale. Na leƙa ƙarƙashinta, ban ga komai ba sai faranti guda shafe, wanda aka ce batir ne a ciki. In daga can ne matsalar, ban san wanda zai taɓa ta a duk yankinmu ba. Na kira Yaya, waya a kashe.

Muka ci gaba a hankali, manyan motoci na danna mana ham suna wucewa. Na gwada birki, rawar ba ta sauya ba. Na ɗage ƙafa na bar ta tana gangarawa da kanta, tana nan dai. Wato gudu take bi, ba ƙarfin motar ba. Hakan ya ɗan kwantar mini da hankali, amma ina ganin caji yana raguwa, ga shi ba zan kashe wa Baffa sanyi ba, don an ce kada gumi ya shiga idon.

"Ta ƙarƙashin ƙafata nake jin ta," in ji Baffa. Muryarsa ta yi sanyi. "Idon ya fara zogi."

A Makarfi na tsaya wajen wani mai faci. Na kama hannun Baffa na zaunar da shi a inuwa. Muka ɗaga motar da jak, muka mayar da tayar gaba ta dama, wadda ke ɓangaren Baffa, baya, na hau titi ni kaɗai. Sitiyari ya natsu, rawar ta koma kujera. Tayar ce.

Da mai facin ya zare ta daga rim, sai ya ja da baya. A cikinta akwai baƙin soso da aka manna zagaye, don rage ƙara ashe. Gefe ɗaya ya ɓalle daga gam ɗinsa, ya dunƙule wuri guda kamar curin tuwo.

"Ban taɓa ganin irin wannan ba, Alhaji," ya ce. "In cire?"

Motar mutum ce, sabuwa dal, ban san me dillalin da ya sayar da ita zai ce ba. Na waiga na ga Baffa ya jingina da bango, hannunsa na kan audugar.

"Cire duka," na ce. Na ɗauki hoton sosan, na sa shi a but.

Daga nan zuwa Gubuchi ba ta sake rawa ba, duk da haka ban yarda na yi gudu ba. Mun isa bayan la'asar. Da muka koma asibiti, likita ya duba ya ce ɗinkin bai taɓu ba. Yaya ya dawo, ya kai wa dillalin sosan a leda, suka yi ta ja-in-ja kafin a ba shi wata tayar.