Hauwa'un da Ba Ta Amsa Kira

Har gobe ban taɓa mantawa da wata ranar Litinin ba, ranar da na kusa tura yarinya mai lafiyayyun kunnuwa makarantar kurame, da sa hannuna da hatimin makaranta. Ku da kuka shigo aikin nan bana, ku saurara, don ni ma a lokacin ji nake na gama sanin koyarwa.

Shekarata goma sha tara ina koyar da 'yan aji shida a wata firamare ta gwamnati da ke wajen Ƙofar Marke, sai aka buɗe ajin reno, wato na yara 'yan shekara uku zuwa biyar da ake shiryawa kafin aji ɗaya. Hedimasta ya kira ni ofis ya ce, "Malam Garba, tunda Allah ya hore maka surutu da barkwanci, ga waɗanda za su iya da kai." Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarin girma ne ko hukunci?" Ya ce in shiga in gani.

Na shiga na gani. Idan suka fara kuka tare, na rantse mai shayi a Gawon Nama sai ya ajiye kofi ya waiwayo. Ɗaya na jin fitsari, ɗaya ya riga ya yi, na uku yana cin alli kamar an ba shi ƙuli-ƙuli.

A ƙa'ida ajin reno yana da malami da kuma mai reno, dattijuwar da ke kula da wanke yara da ciyar da su. Tamu ita ce Gwaggo Ige, amma farkon zangon nan ta tafi ƙauye zaman jegon 'yarta. Ni kaɗai na yi rajista. Uwa ta miƙo takardar haihuwa, in kwafe suna, in ce na gaba. Haka na rubuta wata 'yar shekara huɗu: Hauwa'u.

Kullum da safe ana kiran suna. Kowa ya ce "Na'am, Malam," wasu ma su amsa na maƙwabcinsu. Hauwa'u kuwa shiru, kai a sunkuye. Na ɗaga murya, shiru. To ku kun san muryata, ko ba lasifika ana ji na daga Sabon Gari. Na tsaya a kanta na kwarara kira har kwanon rufi ya amsa, ita sai ƙara dunƙulewa take. Na tafa hannu a bayanta, na yar da gwangwani, ba ta ɗago ba. Waƙa ba ta yi, tambaya ba ta amsawa.

Tsarin aiki shi ne, malami ya lura da yaro mako biyu, ya cika fom, hedimasta ya sa hannu a gaban iyaye, sai a kai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Daga nan a cire sunan yaron daga rajistarmu a nema masa gurbi a makarantar masu buƙata ta musamman. Na cika fom ɗina tsaf, na rubuta cewa yarinya ba ta ji, har na ja layi biyu a ƙasa. Ina ta yaba wa kaina, wai na gano abin da iyayenta suka kasa ganowa.

Ranar Litinin ɗin aka kira uwar. Ta zauna a ofis da yarinyar a gefenta, na karanta mata rahoto. Ta ce a hankali, "Malam, gida tana ji." Na ce, "Hajiya, kowace uwa haka take cewa." Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, hawaye na zuba. Hedimasta ya buɗe biro.

Daidai nan Gwaggo Ige ta yi sallama, ta dawo daga jego, ta zo gaida hedimasta da ƙullin gyaɗa a hannu. Ta dubi mai kuka, ta dube ni.

"Garba, mi ya faru? Wa ka sa kuka da safen ga?"

Na yi mata bayani da manyan kalmomi. Ba ta ko kula ni ba, ta durƙusa kusa da uwar.

"Ɗiyata, wagga yarinya sunan wa anka sa mata?"

Uwar ta ƙara sunkuyar da kai. "Na mahaifiyar maigidana ne."

"To ai shi ke nan. Mi kuke ce mata gida?"

"Innawuro."

Gwaggo ta juya, da murya ƙasa-ƙasa kamar mai gulma, ta ce, "Innawuro, taho ki amshi gyaɗa."

Yarinyar nan ta ce "Na'am!" ta miƙe ta tara hannu biyu.

Jama'a, da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige har da hulata. Yarinya ta ci sunan kakarta. Uwa ba za ta kama sunan surukarta ba, uba ba zai kama na mahaifiyarsa ba, duk gidan ba mai furta shi. Tun ranar suna ba ta sake jin an ce Hauwa'u ana nufinta ba. Shi ya sa ma uwar ta miƙo min takarda ranar rajista ba ta ce komai ba. Sunkuyar da kan kuwa, ashe kakanta malami ne mai zaure, an koya mata cewa yaro ba ya ɗaga ido ko ya yi magana gaban malam. Duk ihun da nake yi, ita ladabi take min.

Gwaggo ta juyo kaina ta ce, "Kai da ubanka ya yanka ma rago da Abubakar, wa ka taɓa ji ya kira ka da shi? Duk karatun nan naka ba a koya muku tambaya ba?"

Hedimasta ya rufe biro, ya miƙo min fom ɗin ya ce, "Malam Garba, kai ka rubuta, kai za ka yaga." Na yaga shi gutsi-gutsi, na ba uwar haƙuri har sau ba adadi. Ta share hawaye tana dariya.

Washegari na ja sabon layi a rajista, na rubuta "sunan gida" a samansa, na bi iyaye ɗaya bayan ɗaya. Ashe ina da Abba uku, da Ummi biyu, da wani Maigari. Ita kuwa Innawuro, na riƙa kiranta da sunayen biyu a haɗe, ina durƙusawa daidai tsayinta, har ta gane duka nata ne. Kafin ƙarshen zango ita ke jan waƙa, kuma sai na roƙe ta take yin shiru.

Abin da na koya shi ne, yaron da aka kawo muku ajin reno ya riga ya yi shekara uku ko huɗu yana karatu a gidansu, kuma ya haddace abin da aka koya masa. Idan ya yi abin da ba ku gane ba, ku tambayi uwarsa, ku tambayi mai reno, kafin ku ɗauki biro. Gwaggo Ige ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma tun daga ranar ban sake cika fom a kan ɗan kowa ba sai na kira ta na ce, "Gwaggo, zo ki duba min wannan."