Neman Sunan Mai Rawani

Ƙas! Ina cikin tankaɗe na ji ƙarar daga ɗaki. Ƙusa ce ta saki, hotonmu ya faɗo, gilashin ya tsage. Zane ne na zamanin da, yayana ya kwafo shi daga wani tsohon littafi can Faransa: Nasara zaune ƙarƙashin laima yana duba tsohuwar tukunya, mai rawani tsaye gefensa, bayi kuma cikin rami suna haƙar kufan garinmu, duk sun ba da baya. Shekara da shekaru muna nuna wa baƙi mai rawanin, muna cewa kakanmu ne. Tun da za a sake gilashi, na ce bari a rubuta sunansa a ƙasa saboda yara. Babu mai saninsa sai Gwaggo Hajo, yayar mahaifina, can ƙauye bayan Bonkuku.

Filinge

Da idar da asuba na naɗe hoton cikin zane, na ja hannun autata Rabi muka nufi tasha. Motar ba ta cika ba sai da hantsi, mu da buhunan hatsi da awaki.

Yaron mota ya ce, "Hajiya, wanga allo bisa za a aza shi?"

"Kan cinyata zai zauna. Kakana ne."

"Allah shi jiƙan tsoho, shi ma shi sha gargada."

Muka ko sha. Wajen shinge jandarma ya sa na kwance zanen, ya duba, ya miƙo mini, muka wuce.

Bonkuku

Nan muka yi azahar, muka ci kopto, ganyen zogale da ƙuli, a rumfar wata Bazabarma. Daga nan amalanken jaki cikin rairayi. Rabi ta yi barci a jikina, bayana kamar ba nawa ba.

Gidan Gwaggo

La'asar sakaliya muka iso. Bayan fura, Gwaggo ta kai hoton dab da idonta, ta daɗe.

"Wanga? Tafinta ne, baƙo. Wa ya ce muku namu ne?"

"Gwaggo, to ina namu?"

Ta dangwala yatsa cikin ramin. "Ga shi, mai kwando bisa kai. Dubi ƙafa tai. Shi ɗai aka bar ma sarƙa, don ya taɓa gudu. Ubangidansa ya ba Nasara aronsa kamar jaki."

Ta ce kaburbura suka tona don tukwane da duwatsun wuya, kuma ta riske shi da rai yana tsoho, kullum bayan salla yana neman gafarar mutanen da ya tayar.

"Bawa suke ce mai. Sunansa na yanka Idrisu. In za ki rubuta, shi za ki rubuta."

Komawa gida

Washegari kasuwa ta ci, mota ta fi ta jiya matsi. Duk hanya ina lissafin me zan faɗa wa yayana, da dangin mijina da na sha yi wa alfahari da rawanin nan. Mun sauka lafiya, alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Gwaggo da alheri, ya kuma kai haske kabarin Idrisu.

Gajiya ta sa na ce bari in tura hoton ƙarƙashin gado tukuna, sai na huta in yi tunani. Na durƙusa ke nan Rabi ta riƙe gefensa.

"Inna, tsaya. Juyo shi ta baya mana, mu ga fuskar Kaka Idi."