Ƙaiƙayin Ƙafar da Na Kai Tafkin Garinmu

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin gwamnati. Na fara da alli a hannu, na gama ina mai duba makarantu, kuma yawancin abin da na gani a tsawon wannan lokaci tsufa ya riga ya share shi daga zuciyata. Amma akwai abu guda da na tabbata ba zai rabu da ni ba har ranar da za a kai ni makwancina. Shi ne abin da ƙaiƙayin ƙafata ta dama ya jawo wa garinmu, a daminar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi.

A lokacin ina zaune a Jega, ina zagaya makarantun ƙauyuka bisa babur, daga wajen Aliero har zuwa Maiyama. Ni ɗan makarantar da ne, irin waɗanda aka hora da bulala da tsafta da gyaran rubutu, kuma ina alfahari da haka har gobe. An san ni da ƙin camfi. Akwai malamin da ya taɓa ce mini ya fasa fitowa aiki domin ya yi tuntuɓe da ƙafar hagu a ƙofar gida, sai da na rubuta masa takardar gargaɗi. A garinmu kuwa maganata ita ce ta ƙarshe a kan duk abin da ya shafi takarda ko magani ko hukuma. Wannan girma shi ne dukiyata, ban kuma mallaki abin da nake tattali kamarsa ba.

Da aka yi sabuwar jiha sai aka shiga rabon ma'aikata. Kowa ya san za a ɗebi wasu daga cikinmu a kai su Birnin Kebbi su riƙe manyan kujeru. Ban faɗa wa kowa ba, amma a raina na riga na zaɓi wadda ta dace da ni.

Cikin wannan jira ne na tafi gida hutun 'yan kwanaki. Garinmu ƙaramin ƙauye ne ta wajen Maiyama. Rijiyoyinmu ruwan zartsi gare su, saboda haka da damina kowa daga tafkin bayan gari yake sha, mu da Fulanin da suka daɗe da kafa ruga a ɗaya gaɓar. Yayana ne ke riƙe da gidanmu, tare da Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyata.

Ina zaune a ƙofar ɗakinta da hantsi sai ƙafata ta dama ta dame ni da ƙaiƙayi, can gefen tafin, ƙasa da idon sawu. Ni mutum ne da ko a ƙauye ba a ganina ba takalmi da safa, amma ran nan sai da na tuɓe su na hau susa. Goggo ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Na-Goggo, wace ƙahwa ce ka kai haka?"

Na ce ta dama ce.

Ta yi guɗa 'yar ƙarama, ta ce, "Tahiya ta! Ta dama tahiyar girma, ta hagu tahiyar gaisuwar mutuwa. Kakanka haka tai mai kahin shi tahi Makka. 'Yan albasan Aliero in ta kama su, ko ba su ga mota ba ɗaure buhu su kai. Bari sosa ta da akaihwa, kana kankare rabonka. Goga ta ga dokin ƙohwa, ka ruhe ta, kada kowa shi gani."

Na ce, "Goggo, wannan ai camfi ne. Tafiya da zama duk na Allah ne, fata ba ta san gaibu ba."

"To, Malam, mun ji wa'azi," in ji ta, tana dariya. "In anka kira ka Birni dai, ka aiko min da atamhwa."

Abin da na faɗa mata gaskiya ne, kuma na san gaskiya ne. Amma da ta shiga ɗaki sai na waiga, na ga ba kowa, na goga ƙafar a dokin ƙofa, na mayar da safa. Da la'asar na aika da babbar rigata wajen masu bugu. Ina rubuta wannan ne yau kunya tana kama ni kamar jiya aka yi.

Kwana biyu bayan haka ƙaiƙayin ya koma zafi, kamar an ɗora garwashi. Wani ɗan ƙurji mai ruwa ya taso a wurin. Na dube shi na daɗe. Ba zan ce ban gane shi ba, domin da hannuna na sha zana shi a allo a darasin kiwon lafiya. Kurkunu ne, tsutsar nan da ake sha cikin ruwan tafki, ta kwanta a jikin mutum kusan shekara, sa'an nan ta huda fata ta fito. Na kuma tuna ranar da babur ya mutu mini a daji a daminar da ta gabata, ƙishirwa ta sa na ɗebi ruwan wani kududdufi da tafin hannu. Duk wannan ya zo mini a sarari. Sai na ce wa kaina, a'a, gogar takalmi ce. Mutumin da ake shirin kira Birnin Kebbi ba ya yin ciwon ƙauyawa. In kuwa labari ya kai ofis cewa ina kwance ana naɗe mini tsutsa a tsinke, wa zai tuna da sunana a rabon kujeru? Fassarar Goggo ta fi mini daɗi, sai na riƙe ta.

Ran na uku, bayan azahar, zafin ya kai inda ba zan iya jurewa ba. Mutane duk suna gona. Na zagaya bayan gari, na zauna a kan dutsen da mata ke ajiye tuluna, na tsoma ƙafar cikin tafki. Sanyin da na ji ban taɓa jin irinsa ba. Ƙurjin ya fashe, na ga wani farin ruwa kamar madara yana fita daga cikinsa yana bajewa. Na san mene ne. Na koya wa yara cewa wannan farin ruwa 'ya'yan tsutsar ne, kuma mai ciwon ba ya kusantar mashaya. Duk da haka ban janye ƙafar nan da nan ba.

Da na ɗaga kai sai na ga wani dattijon Bafulatani a ɗaya gaɓar, ya jingina da sandarsa, shanunsa suna sha. Tun muna yara Baffa muke kiransa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Modibbo, ana shan sanyi?" Modibbo shi ne malam da harshensu. Na ce alwala nake sabuntawa, na sa safa, na tafi.

Na koma Jega washegari. Tsutsar ta fito, na yi wata biyu a ɗaki ƙofa a rufe, matata tana naɗe ta kaɗan-kaɗan kowace safiya. Masu zuwa dubiya muka ce musu salansar babur ce ta ƙone ni. Aka ba wani kujerar. Ban yi tafiyar girma ba, ko kasuwar Jega ban taka ba. Da na warke na ɗauka magana ta mutu.

Damina ta zagayo, gero ya kai gwiwa, lokacin da manomi ba ya ko zaman gaisuwa. Sai aka aiko mini cewa in zo gida maza. Abin da na tarar ba zan so maƙiyina ya gani ba. Yayana yana kwance a zaure, ƙafafu biyu a kumbure, tsinke a kowace. Matarsa da manyan 'ya'yansa biyu haka. Goggo da rarrafe take fita alwala. Gida bayan gida, in ka yi sallama sai a amsa maka daga kwance. Gonaki kuwa ciyawa ta rufe su, ba ka bambanta shuka da haki. Dattawa suka ce rabon garin da wannan ciwo tun suna samari.

Mutane sun riga sun yanke hukunci. Wasu suka ce shanun Fulani ne suka ɓata ruwan. Wasu suka ce Fulanin sun sare reshen tsamiyar bakin tafki, masu wurin suka yi fushi. Ko ta wace hanya, rugar ce mai laifi. Aka tara jama'a a ƙofar Maigari bayan la'asar, aka ɗauko yayana a kan jaki domin ya halarta. Aka shimfiɗa mini buzu kusa da Maigari, aka kawo takarda.

Maigari ya ce, "Malam, kai muka jira. Kai ad da Turanci. Rubuta ma hukuma a tashe su daga bakin ruwanga. Mun zauna da su lahiya tun kakanni, amma yanzu abin ya kai ga abincin ɗiyanmu."

Baffa yana zaune can gefe a ƙasa, shi da mutum biyu daga rugar. Aka ce yana da magana? Ya ce, "Ranka shi daɗe, mu ma mutum huɗu muna da su kwance. Ruwan da kuka sha shi muka sha." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai dube ni ba, ko sau ɗaya. Na san ya gan ni a kan dutsen nan, na kuma san Bafulatani mai shekarunsa ba ya rasa gane ƙurjin kurkunu. Yana da kalma guda da za ta cece shi, ya ƙi furta ta don kada ya kunyata ni a gaban mutanena.

Na cire murfin alƙalami. Har na rubuta kwanan wata a saman takardar. Da na ci gaba, da ba wanda zai taɓa sani, kuma da na tashi daga wurin da girmana cikakke.  Amma sai na ajiye alƙalamin, na kwance igiyar takalmina, na zare safa, na miƙe ƙafar a gaban jama'a, tabon yana nan baƙi ƙirin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, shanu ba su ɗaukar wannan ciwo, tsamiya kuma ba ruwanta. Mutum ne ke zuba shi a ruwa. Bara war haka ni na tsoma wannan ƙafa a tafkin, ƙurjin ya fashe a ciki ina kallo. Na san abin da zai biyo baya, na yi shiru. Baffa ya gan ni."

 Wani daga baya ya ce, "Ashe ba salansa ba ta!" Ba wanda ya yi dariya. Maigari ya juya ga Baffa ya ce, "Ka gani, kak ƙi hwaɗi?" Baffa ya ce, "Ba nawa ne in hwaɗi ba."

Yayana ya daɗe yana duban gonarsa da ake hange daga nan, sa'an nan ya ce, "Da jahili ya yi muna wanga, da mun ce bai sani ba. Kai mi za mu ce?" 

Takardar da na rubuta ran nan ta neman ma'aikatan lafiya ce. Sun zo da ƙyallayen tace ruwa, aka sa mai gadi a bakin tafki, aka hana duk mai ƙurji kusantarsa. Na ɗauki hutu, na riƙe fartanya a gonar yayana, abin da rabona da shi tun ina firamare, har hannuwana suka yi kanta. Amma lokacin noma ya riga ya wuce. Gidaje da yawa rumbunsu bai kai rabi ba a shekarar, wasu magidanta sai da suka tafi ƙwadago gonakin albasa a Aliero da rani kafin su ciyar da iyali. Fulani suka ci gaba da zama a rugarsu.

Goggo ta kira ni ɗakinta tana kuka, ta ce ita ta jawo, ita ta ce in rufe ƙafar. Na ce mata ita abin da ta gada ta faɗa, da zuciya ɗaya, kuma fatan alheri take yi mini. Ni ne na san gaskiya na zaɓi abin da ya fi mini daɗin ji. Idon sawun yayana na hagu ya sandare, da ɗingishi ya ƙarasa rayuwarsa. Bai sake tayar mini da maganar ba. Duk lokacin da na je gida shi ke fara tasowa ya tarye ni, ni kuwa ina tsaye ina kallon yadda yake jan ƙafar har ya iso.

Abin da na koya, ina kuma so masu ilimin zamani su ji shi daga bakin tsohon da ya ɗanɗana, shi ne camfi ba ya tambayar takardar shaidar mutum kafin ya shige shi. Ta ƙofar buri yake shiga, kuma ya fi ɓarna a hannun wanda jama'a suka amince da saninsa. In jikinka ya yi maka wata alama, ka nuna ta ga masu magani tun tana ƙarama, ka bar gaibu ga Mai shi. In kuma ka yi kuskure, ka faɗe shi a ranar, domin shirun da na yi don tsare mutuncina na shekara guda, wasu ne suka biya shi da abincinsu da lafiyar ƙafafunsu. Allah Ya gafarta mana abin da muka sani muka take.