Itacen da Ya Fito Bayan Tanki

Mutanen layin ba su san shi da wani suna ba sai Na-Gano. Sunan ya fito ne daga shagonsa na gyaran rediyo, wani ɗan ɗaki a bakin titi tsakanin mai faci da mai sayar da katifa, inda ya ƙare ƙuruciyarsa da tabarau a karan hanci da warin dalma a riga. Duk wanda ya kawo masa rediyo, kafin ya gama faɗin abin da ke damunta, sai ya ɗaga hannu ya ce ya gano. Wani lokaci ya gano ɗin. Wani lokaci kuwa sai ya kwance rediyon kaf, sannan ya lura batir ne ya mutu. Amma yana da hannu, kuma bai taɓa cutar kowa ba, don haka aka yafe masa bakin.

Da wayoyi suka cika gari, aiki ya ja baya, gwiwoyinsa ma suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. 'Ya'yansa suka taru suka lallashe shi ya rufe shagon ya huta. Hutun bai karɓe shi ba. Cikin 'yan makonni ya kwance fankar falo da ke aiki lafiya lau, ya gyara dutsen guga har ya daina zafi. Matarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna, ta kai ga ɓoye agogon bango a ƙarƙashin gado.

Ana cikin haka wani tsiro ya fito a bayan tankin ruwa, daidai inda famfo ke ɗiga. Siriri ne, da ƙananan ganye masu sheƙi, sabon tohonsa ja-ja. Inna ta sunkuya za ta tuge shi tare da ciyawa, sai Na-Gano ya hango ta daga kan kujera ya daka mata tsawa ta bari, ai lemun tsami ne. Ta tsinki ganye ɗaya ta murza, ta kai masa hanci. Babu ƙamshin komai. Ya ce ai ƙarami ne, ƙamshin bai iso ba tukuna.

Daga ranar ya sami abin yi. Ya kewaye tsiron da tsoffin eriyoyin rediyo don kada kaji su taɓa, ya riƙa auna tsayinsa da igiya, yana zuba masa ruwa da butar shayi. Tsiron ya yi rassa da yawa tun daga ƙasa, ya fitar da 'yan ƙayoyi, ya kai ƙugu, kuma ko kusa bai yi kama da lemo ba. Sai Na-Gano ya daina ambaton lemo, kamar ba shi ya faɗa ba.

Inna ta ce ita dai a ganinta lalle ne. Ya ce ba lalle ba ne, ba don yana da wani suna a hannu ba, sai don ita ta riga shi faɗa. Ta daka ganyen ta ƙunsa a tafin hannunta tun hantsi har la'asar, da ta wanke sai hannu ya fito yadda ya shiga. Na-Gano ya yi kwanaki yana ba baƙi wannan labari, yana ƙara masa gishiri kowace rana.

Telan da ke maƙwabtaka da su ya leƙo ta kan katanga ya ce irin wannan itace macizai ke so, a sare shi tun da wuri. 'Yar autar Na-Gano, ma'aikaciyar jinya, ta ɗauki hotonsa da waya don wayar ta faɗi sunansa. Wayar ta kawo wani suna mai tsawo da babu wanda ya iya karantawa. Ta sake ɗauka ta wani gefen, wayar ta ce ganyen shayi ne. Wannan ya yi wa Na-Gano daɗi ƙwarai. Bai gaya wa kowa ba, ya shanya ganyen a kan rufin tanki, ya dafa, ya zauna da kofinsa kamar mai gonar shayi. Kurɓa ɗaya ya yi, fuskarsa ta tattare wuri guda. Autar ta shigo ta ƙwace kofin, ta yi masa faɗan da take yi wa marasa lafiya masu taurin kai.

"Baba, abin da ba ku san sunansa ba shi kuke sha?"

Ya ce bincike yake yi, kuma binciken ya nuna ba shayi ba ne.

Ya ma taɓa naɗe reshe ɗaya a jiƙaƙƙen tsumma ya hau mota har wurin masu sayar da dashen itatuwa. Mai wurin ya jujjuya reshen, ya ce iri ne mai kyau sosai, sannan ya karkata hira zuwa wani mangwaro da ya ce yana 'ya'ya tun yana ƙarami. Na-Gano ya dawo gida rungume da dashen mangwaro, ba tare da sunan da ya je nema ba.

Labari ya bazu a layin. Tsoffin abokan cinikinsa suka fara biyowa da yamma, a ajiye benci kusa da tanki, kowa ya kawo nasa sunan, a yi ta gardama har a kira salla. Da itacen ya wuce tsayin mutum ya yi fure ja jawur, benci ɗaya ya kasa. Inna tana ƙorafin yawan kofunan da take wankewa, amma ta fito da agogon bango ta mayar da shi wurinsa, don ta ga mai gidan ya daina kallonsa.

Furen ya zube ya bar 'yan ƙwallaye masu baki kamar hular sarauta. A wannan lokacin ne babban ɗansu ya zo hutu da matarsa, yarinya mai kunya da ba ta cika magana a gaban surukai ba. Tana wanke kwanuka a bakin famfo ta ɗaga kai, ta dubi itacen, ta ce wa Inna a hankali ashe su ma suna da rumman. Inna ta ajiye tsintsiya. Ko hannu ba ta goge ba ta nufi benci, ta tsaya a gaban jama'a, ta ce a kira surukar ta maimaita.

Yarinyar ta zo ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"'Yata, me kika ce sunan wannan?"

"Rumman ne, Baba. Akwai guda biyu a gidanmu, a ƙarƙashinsu muka taso."

Na-Gano ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce dama zuciyarsa ta daɗe tana raya masa haka, yana jira ne 'ya'yan su girma ya tabbatar. Tela ya yi dariya har da tari.

Bayan nan benci ya fara raguwa, tunda babu sauran abin gardama. Na-Gano ya riƙa zama shi kaɗai, yana jin kamar an sake rufe masa shago. Ga shi kuma 'ya'yan itacen suna tsagewa kafin su nuna. Ya daure ya tambayi surukar, ta ce ita ci kawai ta iya, mahaifinta ne ya san sirrin.

Mahaifin nata tsohon malamin lissafi ne, mutumin da shi ma bai taɓa yarda ya yi kuskure ba, shi ya sa su biyun ke gaisawa daga nesa tun da aka haɗa zuri'a. Sai da Na-Gano ya yi mako yana juya wayarsa kafin ya kira. Malamin ya ce ruwa ne ya yi yawa, a gyara famfon nan. Na-Gano ya ce famfo lafiyarsa ƙalau, rana ce. Suka yi ta yi har katin waya ya ƙare, washegari malamin ya kira da kansa don ya ƙarasa magana.

Ranar Asabar sai ga malamin ya zo da almakashin aski itace a cikin jaka. Tun kafin ya sha ruwa suka tsaya a gindin rumman, wannan ya nuna reshen da za a yanke, wancan ya riƙe reshen ya ce sai dai na kusa da shi. Rana ta take, ba a yanke ko ganye ba. Inna ta ratsa ta tsakaninsu da kwandon wanki, ta miƙa hannu ta tsinke rumman ɗaya tilo da ya nuna a itacen, ta jefa cikin kwandon ta wuce. Ita da surukarta suka fasa shi a kicin suka cinye, da ɗan tsami amma da daɗi, suna jiyo muryoyin tsofaffin biyu ta taga.